Fourah Bay: Kwalejin da Aka Rufa da Katakon Jiragen Bayi

A ƙarshen shekarun 1840, a bakin teku a birnin Freetown na ƙasar Saliyo, akwai wani dattijo Babarbare da yakan je ya zauna gaban wani matashin Bajamushe, yana magana shi kuma yana rubutawa. Sunan dattijon Ali Eisami, ɗan malami ne daga Gazir ta ƙasar Barno. An kama shi a cikin yamutsin da ya biyo bayan yaƙe-yaƙen jihadi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, daga ƙasar Kano zuwa Katsina, zuwa Yawuri, ya ratsa Bargu ya faɗa ƙasar Yarabawa, daga can aka gangara da shi bakin ruwa aka sa shi a jirgin bayi. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, aka sauke shi a Freetown a 1818. Bajamushen kuwa Sigismund Koelle ne, malami a kwalejin 'yan mishan da ke Fourah Bay. A takarda, Koelle ne malami. Amma wanda ya leƙa ɗakin zai ga wane ne ke biya wa wani karatu.

Daga wannan zama aka samu nahawun Barbarci da littafin tatsuniyoyi da karin maganar Barebari, duka a 1854. A shekarar ce kuma Koelle ya fitar da babban aikinsa, Polyglotta Africana, inda ya jera kalmomi da gajerun jimloli kusan 300 a cikin harsunan Afirka fiye da ɗari. Bai yi yawon ƙasa-ƙasa ba. Unguwannin Freetown da ƙauyukan kewayenta kawai ya bi, yana neman 'yantattun bayi, ya tambayi mutum yadda ake cewa kai da ido da ruwa da wuta a garinsu, sannan ya rubuta sunansa, da inda aka haife shi, da yadda aka kama shi, da shekarun da ya yi rabonsa da gida, da yawan 'yan ƙasarsu da ya sani a Saliyo. Hausa tana ciki, har kashi biyu: ta Kano da ta Katsina. Wato akwai Bakano da Bakatsine da suka zauna a wannan gaɓar teku, nesa da ganuwa da marina, suna tono kalmomin da suka sha a nono don wani baƙo ya sa a takarda. Wannan ya sa labarin Fourah Bay bai yi mana nisa kamar yadda taswira take nunawa ba.

Asalin makarantar mutuwa ce ta haife ta. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, ta karɓi mulkin Freetown kai tsaye a 1808, jiragenta suka shiga sintiri suna kama jiragen bayi suna juye mutanen ciki a can, dubbai a kan dubbai. Ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, CMS, wadda aka kafa a 1799, ita ta ɗauki nauyin karantar da su. Sai dai ƙasar ba ta karɓi Turawa ba. Zazzaɓin cizon sauro da shawara suka yi ta ɗauke su, har a shekaru ashirin na farko ƙungiyar ta binne mutanenta fiye da hamsin, maza da mata. Wani yakan sauka daga jirgi a farkon damina, kafin kaka an yi jana'izarsa. Shugabannin da ke Landan suka ga in ba a horar da 'yan ƙasa su riƙe aji da mumbari ba, aikin zai ƙare a maƙabarta. Sun fara gwada wata makaranta a kan tudun Leicester, suka mayar da ita ƙauyen Regent, ta mutu. A watan Fabrairun 1827 aka sake buɗe ta a Fourah Bay, a tsohon gidan wani gwamna da ya rasu, Charles Turner, ƙarƙashin wani limamin coci Bajamushe mai suna Haensel. Ɗaliban ba su cika hannu biyu ba.

Sunan farko a rajistar shi ne Samuel Ajayi Crowther. Yaro ne Bayarabe daga Osogun da aka kama a 1821, kuma a labarin da ya bayar da kansa, maharan da suka ci garinsu Musulmi ne, Fulani da Yarabawan Oyo. Wannan ba abin daɗin ji ba ne gare mu, amma haka tarihin yake. An ceto shi a teku a 1822, aka yi masa baftisma a 1825, ya yi karatu a Fourah Bay, ya koma yana koyarwa a cikinta. A 1841 aka sa shi cikin ayarin jiragen ruwa uku da gwamnatin Ingila ta tura su hau kogin Kwara, tare da wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya riga ya fara koyon Hausa a bakin 'yantattun bayin Saliyo. Tafiyar ta zama bala'i: cikin Turawa kimanin 150, fiye da 40 zazzaɓi ya kashe, gonar gwajin da aka buɗe a Lakwaja ta watse. Baƙaƙen fatar da ke cikin jiragen kuwa galibinsu suka dawo lafiya. Schön ya koma da shawara guda, cewa 'yan Afirka ne za su iya wannan aiki, saboda haka a ɗaga darajar Fourah Bay. Shi kansa ya ƙarasa rayuwarsa a kan Hausa: jerin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sai Magana Hausa a 1885, wanda mafi yawansa daga bakin Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da matafiyin nan mai bincike Barth ya tafi da shi Turai. Duk mai rubuta Hausa da boko yau, akwai ɗan bashin waɗannan mutane a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Shawarar Schön ta faɗa kunnen da ke jiranta, domin a 1841 ɗin Henry Venn ya zama sakataren CMS, mutumin da ya yi imani cewa cocin Afirka dole ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗu da ƙafarta. Aka tara kuɗi don sabon gini. Wanda ke shugabancin kwalejin a lokacin, Edward Jones, baƙar fata ne ɗan Amurka daga Charleston, wanda ya gama Kwalejin Amherst a 1826, a zamanin da 'yan uwansa miliyoyi suke cikin bauta a gonakin auduga. Gwamnan da ya aza harsashin a 1845, William Fergusson, shi ma jinin Afirka ne daga Jamaika. Aka gina bene mai hawa-hawa da jan dutsen marmara na ƙasar, aka gama a 1848. Katakon rufin kuma, kamar yadda tarihin ginin ya zo, daga jiragen bayin da kotu ta ƙwace aka farfasa aka ciro shi. Ɗalibin da ya ɗaga kai daga littafinsa yana iya kallon itacen da ya taɓa ɗaukar uwarsa ko ubansa a ɗaure.

Me ake karantawa a ƙarƙashin wannan rufi? Tauhidin Kirista ne kan gaba, sai harsunan da ake buƙata don karanta littattafansa daga tushe, Girkanci da Ibrananci da Latin, sai lissafi da tarihi da labarin ƙasa. An koyar da Larabci ma, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: ana so a samu masu wa'azin da za su iya zama da malaman Musulmi su yi muhawara. Ba su ma da nisa da Musulmin. Unguwar Fourah Bay kanta unguwar Musulmi ce, ta Yarabawan da ake kira Aku, waɗanda suka riƙe addininsu duk da matsin da suka sha, har aka rushe musu masallaci a ƙarshen shekarun 1830 a zamanin Gwamna Doherty. Suka sake ginawa, suka ci gaba da tura 'ya'yansu karatu Futa Jalo. Allo da tawada a wannan gefen katanga, nahawun Girkanci a wancan gefen, ladan yana kiran salla ƙararrawa tana kaɗawa.

Rayuwar ɗalibai ta yi kama da ta gidan horo. Addu'a da asuba, aji, aikin hannu, addu'a da dare, ido a kan kowa. Samarin Freetown masu kaifin ƙwaƙwalwa kuwa sun ga 'yan uwansu suna samun dukiya a fatauci, ko suna zama akawu a ofisoshin gwamnati, alhali wanda ya gama Fourah Bay albashin malamin ƙauye yake jira. Ɗalibai suka yi ta raguwa, har a ƙarshen shekarun 1850 aka rufe kwalejin na wasu shekaru. Wannan rufewa da buɗewa ta zame mata ciwon da ke tashi lokaci-lokaci, kuma in aka bi diddigi, sababin ɗaya ne. Masu makarantar suna son wurin horar da masu wa'azi da malaman firamare, a kan kuɗi kaɗan. Mutanen da ake karantarwa kuwa jami'a suke so.

Wanda ya fara faɗin haka da babbar murya tsohon ɗalibinta ne, James Africanus Horton, ɗan wani 'yantaccen bawa Ibo, wanda ya wuce Landan da Edinburgh ya zama likita a 1859, ya yi aiki a rundunar sojan Ingila a Afirka ta Yamma. A littafinsa na 1868 ya yi kira a mayar da Fourah Bay jami'ar yankin gaba ɗaya, a koyar da kimiyya, ya kuma yi kaca-kaca da masanan Turai masu cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta kai ba. Bayansa sai masanin nan Edward Wilmot Blyden da James Johnson, wani limamin coci da ya fito daga kwalejin, suka ɗauki maganar a farkon shekarun 1870. Blyden ya rubuta wa Gwamna Pope Hennessy a 1872 yana neman jami'ar da ba ta ƙarƙashin mishan, wadda 'yan Afirka za su koyar a cikinta. Hujjarsa ta yi wa 'yan mishan zafi, domin ya ce karatunsu yana fitar da masu kwaikwayo, ya kuma kawo misalin makarantun Musulmi na cikin ƙasa, inda ya ga mutum yana da ilimi bai kuma raina kansa ba.

CMS ta tsorata kada a kafa wata makarantar a bar ta a baya, sai ta yi dabara. A 1876 ta haɗa Fourah Bay da Jami'ar Durham ta Ingila, ta buɗe ƙofa ga ɗaliban da za su biya kuɗi ko da ba aikin coci za su yi ba. Daga nan takardun jarrabawa sukan taso daga Durham a jirgin ruwa, a rubuta amsa a Freetown, a mayar can a duba, wanda ya ci a ba shi digiri iri ɗaya da na ɗan Ingila. Wannan shi ya sa ake kiranta makarantar ilimi mai zurfi irin ta Turai mafi tsufa a Afirka kudu da Sahara, ake kuma yi wa Freetown kirari da Atina ta Afirka ta Yamma. A riƙe kalmar "irin ta Turai" da kyau, don Sankore ta Tambutu da Gobarau ta Katsina sun riga ta da ƙarnoni. Amma a fagen boko ba ta da na gaba a yankinmu. Kwalejin Katsina, wadda ta fitar da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta, shekara 95 bayan an rubuta sunan Crowther a rajista.

Ribar haɗin da Durham a fili take, hasararsa ma haka. Digirin ya zama abin da ba mai iya musunsa. Sai dai manhajar ta Durham ce, an tsara ta don 'ya'yan limaman arewacin Ingila. Makarantar da Koelle ya tattara harsuna fiye da ɗari a cikinta ta koma wurin da ake haddace mawaƙan Rum, ɗalibi ya san kogunan Ingila bai san inda Kwara ta faro ba, ga shi kuwa mafarinta yana nan kusa da iyakar ƙasarsu. A ganina nan ne aka yi babbar asara: taskar da ke bakin ƙofa, wato harsuna da tarihin mutanen Freetown, aka bar ta aka tafi neman ta wani.

Sannan iska ta juya a cikin mishan ɗin kanta. An naɗa Crowther bishop a Canterbury a 1864, baƙar fata na farko a cocin Ingila, ya jagoranci aikin kogin Kwara da ma'aikata waɗanda yawancinsu 'yan Saliyo ne, da dama daga Fourah Bay. Ya yi hulɗa ta mutunci da sarakunan Musulmi, musamman Etsu Masaba na Bidda, ya rubuta littattafan koyon Nufanci da Ibo, ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Amma bayan Venn ya bar aiki, kuma maganin kwinin ya sa Bature yana iya rayuwa a bakin kogi, sai buƙatar da ta haifi kwalejin ta ragu. Wasu samarin Ingila masu zafin kai, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, suka iso da niyyar shiga ƙasar Hausa, suka zauna Lakwaja suna sa riga da rawani. A wani taro a Anacha a 1890 aka tuhumi ma'aikatan Crowther da rashin tsarkin hali, aka dakatar da su a gaban idonsa, aka ci fuskar tsoho mai shekara tamanin da wani abu. Ya rasu a Legas a ranar ƙarshe ta 1891, aka ba Bature kujerarsa. Samarin ma ba su kai Kano ba: Robinson ya mutu a 1891, Brooke a 1892. Don tunawa da Robinson ne aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ɗan uwansa Charles ya zo Kano, ya kuma wallafa ƙamus. Darasin da ɗaliban Fourah Bay suka ɗauka daga abin da aka yi wa Crowther ya fi duk wanda ke cikin manhaja tasiri, kuma ba mamaki da aka samu tsofaffin ɗalibanta irin su J. E. Casely Hayford na Gana a sahun gaba na masu neman 'yanci.

Shekarun farko na ƙarni na ashirin na talauci ne. Ɗalibai sau da yawa ba su wuce 'yan gomomi ba, CMS ta sha yin barazanar janye hannu, sai da cocin Methodist ta shigo aka yi haɗin gwiwa a 1918 kafin numfashi ya dawo. Masu binciken ilimi da suka zo daga Amurka a 1920 suka ce karatun ya yi yawan Latin, gara a koya wa 'yan Afirka noma da sana'a, mutanen Freetown kuwa suka ji ƙanshin so ake a mayar da su 'yan ƙwadago, suka ƙi. Abin mamaki shi ne yawan mutanen da wannan 'yar makaranta ta fitar duk da haka, kuma kaso babba 'yan Nijeriya ne: Henry Carr, wanda ya kai muƙamin Razdan a Legas, da Israel Ransome-Kuti, shugaban ƙungiyar malaman Nijeriya na farko kuma mahaifin Fela, da Adekunle Ajasin da Sam Mbakwe da suka zama gwamnoni a jamhuriya ta biyu, da Kenneth Dike, masanin tarihin da ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan. Milton Margai, Firayim Ministan Saliyo na farko, nan ya yi digirinsa kafin ya tafi karatun likita. Mace kuwa sai a 1938 ta fara fita da digiri, Lati Hyde-Forster, bayan shekara fiye da ɗari da kafuwa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya raba kwalejin da gidanta. Tashar jiragen ruwan Freetown ta zama mai muhimmanci ga sojan Ingila, aka karɓe ginin, aka kwashe malamai da ɗalibai zuwa Mabang a cikin ƙasa. Ba su sake komawa ba. Bayan yaƙi aka ba su tsofaffin barikokin soja a kan dutsen Aureol, wanda ke kallon birnin da teku daga sama. A daidai lokacin hukumar Elliot, da aka naɗa ta duba ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma, ta rabu biyu a rahotonta na 1945: masu rinjaye suka ce a yi kwalejoji uku har da Fourah Bay, 'yan tsiraru suka ce jami'a ɗaya ta isa, a Ibadan. Gwamnatin Landan ta fara karkata ga 'yan tsirarun, abin da zai mayar da uwar makarantu ƙaramar makarantar share fage. Mutanen Saliyo suka tashi tsaye, da taro da takardun koke da karo-karon kuɗi, har aka janye. Kwalejin Ibadan da ta Gana suka buɗe a 1948 da kuɗin gwamnati, suka sha gabanta nan da nan, amma ta tsira. A 1960 ta samu takardar izinin zama kwalejin jami'a, Davidson Nicol, likita kuma marubuci, ya zama ɗan Saliyo na farko da ya shugabance ta. A 1967 aka kwance igiyar Durham bayan shekara 91, ta shiga cikin Jami'ar Saliyo tare da Kwalejin Njala.

Shekarun nan su ne na ganiyarta ta biyu. Eldred Durosimi Jones, wanda ya yi suna da nazarin yadda 'yan Afirka suka fito a wasannin Shakespeare da na zamaninsa, yana can yana shirya mujallar African Literature Today, wadda duk ɗalibin adabin Afirka a Zariya ko Kano ya taɓa ɗaga ta a laburare. An dawo da nazarin Kiriyo da sauran harsunan ƙasa, an yi ƙamus. Ɗalibai suna zuwa daga Nijeriya da Gambiya da kudancin Afirka.

Siyasa ce ta karya wannan. A watan Janairun 1977, ana tsakiyar bikin yaye ɗalibai, Shugaba Siaka Stevens yana zaune a matsayin uban jami'a, ɗalibai suka ɗaga kwalaye suna yi masa ihu ya sauka. Bayan kwana biyu 'yan bangar jam'iyyarsa suka hau dutsen suka yi ta dukan ɗalibai da fasa kaya. 'Yan sakandare suka fantsama tituna suna cewa in ba kwaleji to ba makaranta, tarzoma ta bazu cikin ƙasa, har Stevens ya kira zaɓe. Ya ci zaɓen ta hanyar da ya saba, a 1978 ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya. Daga nan kuɗin jami'a ya yi ta ƙafewa, albashi ba ya zuwa kan lokaci, manyan malamai suka kama hanyar waje. A 1985 aka kori wasu shugabannin ɗalibai da malamai. Wasu daga cikin korarrun suka bi ta Gana suka ƙulla hulɗa da Libiya, kuma ta wannan hanya aka tura mutane horon soja, cikinsu har da wani tsohon kofur mai ɗaukar hoto, Foday Sankoh. Yawancin 'yan bokon sun janye tun kafin a harba harsashi, aka bar bindiga a hannun wanda ba ruwansa da littafi. Yaƙi ya ɓarke a 1991, bai ƙare ba sai 2002.

Kwalejin tana nan a kan dutsen Aureol, da ɗalibai dubbai, ana karanta shari'a da injiniya da kimiyya da aikin jarida, ana fama da cunkoso da ƙarancin kuɗi irin na jami'o'inmu. Tsohon ginin na bakin teku kuwa, bayan sojoji sun tashi, ya zama hedikwatar hukumar jirgin ƙasa, daga baya ya zama kotun majistare. Da yaƙi ya kori mutane daga ƙauyuka, iyalai suka cika ɗakunansa suna girki a inda aka taɓa koyar da Ibrananci. A 1999, shekarar da 'yan tawaye suka kutsa Freetown, wuta ta kama shi. Benaye suka rufta, rufin ya cinye ƙurmus da katakon jiragen bayin da ke riƙe da shi. Jan bangon ne ya rage a tsaye a unguwar Cline Town, dab da tashar jiragen ruwa, tagoginsa a buɗe, itatuwa sun tsiro a tsakar ɗakunan.